Tawadar Jatau

Jatau mutumin Tsafe bai taɓa karanta ko baƙi ɗaya ba, amma rabin abin da malaman ƙasar nan suka rubuta da tawadarsa suka rubuta shi. Gawayi yake niƙawa, ya tace, ya zuba ƙaro don ta kama takarda. Hannunsa kuwa ko ranar Sallah baƙi ƙirin yake, har jikokinsa na tsokanarsa wai tuwo ma tsoronsa yake ji.

Babban mai sayensa shi ne Malam Labbo na Bunguɗu, wanda labaransa na ajami suka zagaye ƙasa, ana karanta su a zaure, masu sauraro na share hawaye. Shekara ashirin Jatau na aika masa goran tawada ta hannun fatake, ba su taɓa ganin juna ba.

Sai shekarar yunwa ta zo. Ƙaron da Jatau ya tara, 'ya'yansa suka tsotse shi, shi kuma ya kawar da kai. Ya haɗa tawada da ɗan guntun da ya rage, ya aika, alhali ya san irin wannan ba ta daɗewa a takarda. Da ita Malam ya rubuta littafinsa na ƙarshe, ya rasu. Abin nan ya tsaya wa Jatau a rai shekara goma cur.

Da tsufa ya fara kama shi, ya dafa tawadar da bai taɓa yin irinta ba, ya rataya goran. Ya kwana Gusau, washegari ya isa Bunguɗu.

Gidan ba wani gida ba ne: zaure ɗaya, durumi a ƙofa, baƙi daga Mada har da Sakkwato suna leƙa ɗakin da Malam yake zama. Buzunsa na nan, gafakarsa na rataye. Jatau bai dubi ko ɗaya ba, kurtun tawada ya ƙura wa ido.

Inna Shafa'atu, matar marigayin, ta dubi hannunsa.

"Kai na Jatau," in ji ta.

Ya durƙusa. "Inna, laihi ya kawo ni. Tawadar ƙarshen nan ba ta da isasshen ƙaro. Ɗiyana sunka cinye."

"Malam ya sani tun ɗigon hwari. Ya ce wanda bai taɓa ha'intar shi ba, in ya yi haka, to gidanai babu lahiya."

Ta kira ɗanta Ɗahiru, magidanci, ya fito da littafin. Rubutun ya koɗe kamar tsohon zane, sai an karkata shi ga rana ake ganinsa. Ɗahiru ya buɗe shafin ƙarshe, inda marubuta kan roƙa wa kansu da iyayensu gafara, ya karanta a hankali: "Allah ya ji ƙan mai tawada Jatau, ya ciyar da iyalinsa."

Jatau ya yi kuka, bai ɓoye ba.

"Layin ga ya hi kowane dushewa," in ji Ɗahiru. "Na so in bi bisa rubutun, ban samu tawadar da ni yarda da ita ba."

Jatau ya kwance goran daga kafaɗarsa, ya miƙa da hannu biyu.

"Hwara daga hwarkon littahin, Malam. Nawa shi jira."