Fatalwar Culloden Mai Ciwon Gwiwa

Shekara talatin da huɗu Ishbel MacBain ta yi tana dafa wa 'yan makaranta abinci a birnin Inverness, kuma har ta yi ritaya ba wanda ya taɓa jin ta rera waƙa. Sau ɗaya take waƙa a shekara, ita ma ba don masu rai ba.

Duk ranar sha shida ga Afrilu sai ta yi sammako, ta yafa tsohon bargonta ruwan toka, ta nufi filin Culloden, inda aka zuba kakan kakanninta da danginsa a rami guda bayan yaƙin da aka gwabza a wurin a irin wannan rana, shekaru aru-aru da suka wuce. Ta tsaya gaban dutsen da ke ɗauke da sunan zuri'arsu ta rera waƙar makokin da kakarta ta koya mata da Gelik, yaren kakanninsu. Sharaɗin waƙar ɗaya ne: mai rai ba ya sauraron ta, sai macen da za ta gada. Mata bakwai suka riƙe wannan amana kafin ita.

Wata shekara wasu baƙi suka hango ta daga nesa cikin hazo, suka baza labari wai fatalwa na yawo a filin. Ishbel ta yi dariya har da hawaye. Mutum ɗaya ta gaya wa gaskiya: Torquil, ɗan marigayi ƙanenta, wanda ta raina da hannunta, yanzu kuma yake zagayawa da 'yan yawon buɗe ido.

Da gwiwa ta matsa mata, sai ga shi da fara'a.

"Gwaggo, da wannan ƙafar za ki hau bas? Ni zan kai ki, in zauna a mota in toshe kunne."

"Kai da sai rana ta take kake tashi?"

"Don ke ai ko a tsaye sai in kwana."

Baiwar Allah ta ji daɗi har ta gasa masa biskit.

Da ranar ta zo, tana gaban dutsen cikin baiti na uku sai ta ji tari. Ta waiga. Bayan katangar duwatsu mutane ne kusan ashirin a tsugune, kowa ya ɗaga waya. Torquil ya rarrafo yana raɗa.

"Gwaggo, don Allah kar ki juyo! In suka ga tabaranki komai ya lalace."

"Me ka ce musu?"

"Wai... matar wani mayaƙi ce, tana neman gawar mijinta."

"Ni na goya ka, Torquil. Ashe tun da raina ka binne ni."

Sai ta ji muryarta na fitowa daga wayar wata baƙuwa, ana maimaitawa, ana ƙus-ƙus ɗin murna. Abin ya ci ta ƙwarai. Ta ɗingisa har tashar bas ita kaɗai, ba ta ƙarasa baitin ba, ba ta kuma sake komawa filin ba.

Bayan shekara biyu Catriona, 'yar Torquil, wadda Ishbel ta daɗe da niyyar damƙa wa waƙar, ta zo ta ce lokacin koyo ya yi.

"Tana cikin wayar ubanki," in ji Ishbel, ta ci gaba da feraye dankalinta.