Soson da ke Aljihun Injiniya Ephraim

Da safiyar Talata, 14 ga watan Mayu, 2019, Madam Keturah ta aiko mana cewa mijinta, Injiniya Ephraim Boaz, ya rasu bayan jinyar kwana huɗu. Yana da shekara sittin da uku. Shekara goma sha tara katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa a Shagari Low Cost.

Bappa, kamar yadda yaran layinmu ke kiran ka, na kasa rubutu a kanka ban fara da guntun soson nan ba. Daga katifar gida ka yanko shi, abin da Madam ba ta daina yi maka ƙorafi a kai ba, ka zazzana masa layuka da biro. Duk wanda ya tambaye ka yadda bim, wato kankaren da ake gittawa a kan ginshiƙai, ke ɗaukar nauyin gini, sai ka zaro shi daga aljihu, ka ɗora bakinsa biyu a kan yatsu, ka danna tsakiya. Layukan sama su matsu, na ƙasa su buɗe, tsakiya kuwa ko motsi. Kankare yana jure matsi, amma ba ya jure ja, shi ya sa ake sa rodi a ɓangaren da ke buɗewa. Ni ɗan jarida ne, ban iya lissafinku ba, amma wannan na gane shi a zama ɗaya. Haka ka koya wa ɗalibanka, haka ka koya wa maginan da suka yi gudun hijira zuwa Malkohi, kana zuwa duk Asabar ba wanda ya sa ka.

A watan Afrilu ka bi ta wata makarantar yara a unguwar Gwadabawa, inda ake ɗora bene. An zuba barandar sama, wadda ta miƙo waje babu ginshiƙi a ƙarƙashinta, gorori ne kawai suka tokare ta. Ka tambayi shugaban magina, Malam Ɗanburam, inda ya sa rodin. Ina tsaye ya ba ka amsa.

"Oga, shekara talatin ina zuba dekin. Rodi a ƙasa yake zama."

Ba ka yi masa faɗa ba. Ka miƙa masa soson ka ce ya riƙe gefe ɗaya kawai, ya danna ɗayan. Ya danna. Wannan karon layukan sama ne suka buɗe. Ya daɗe yana kallo.

"Rodinka yana inda babu aiki," ka ce masa. "Ranar da aka cire gorar nan, sama za ta tsage, kuma ba za ta yi sallama ba."

Ka rubuta wa mai makarantar takarda cewa a rushe barandar, ko a kafa mata ginshiƙai. Ya amsa cewa gorar tana ɓata fuskar makaranta, iyaye suna magana. Ka sake rubutawa. Madam ta ce ko a gadon asibiti tambayar da ka yi ta maimaitawa ita ce ko gorar tana nan.

Na je jiya, Bappa. Tana nan, amma an zare guda uku. Malam Ɗanburam ya ce da shi aka fara maganar cire gorar ya ƙi, ya kwashe kayan aikinsa ya bar wurin. Yanzu wani maginin ake nema. A ƙarƙashin barandar nan 'yan aji ɗaya suke jeruwa kowace safiya. Kwafin takardunka biyu suna hannuna, gobe zan kai su ga hukuma, kuma ban san ko za a karanta su kafin a samu wanda zai zare sauran ba. Da kai ne ka shiga ofis ɗin, tashi za a yi a ba ka kujera. Ni sai dai in bi layi.

Bayan jana'iza Malam Ɗanburam ya roƙi Madam ta ba shi soson, ta ba shi.

Allah ya ji ƙanka, ya ba ka hutu. Ina miƙa ta'aziyya ga Madam Keturah, da 'ya'yanku Edna da Hosea, da ɗalibanka. Allah ya ba su haƙuri, ya tsare yaran nan da ka tafi kana tambaya a kansu.

Farouk Nata'ala, Jimeta