Ƙwayar Baba ta tafi Paki

Shekarar da aka gano Baba yana da ciwon dajin ɓargo, likitar da ke duba shi a Zariya ta ɗora shi a kan wata ƙwaya. Da yake ni ke gabatar da shirin lafiya a rediyo, ni 'yan'uwa suka tura in ji bayani.

Ta ce yawancin magunguna toshe abu suke yi, wannan kuwa gam ne. A cikin jiki akwai mai sa wa sinadaran furotin alamar shara. Maganin yakan manna furotin ɗin da dajin ke rayuwa da shi a jikin mai sa alamar, sai jiki da kansa ya kwashe shi ya niƙe. Daga nan ta ajiye biro ta ce mai ciki ko taɓa shi kada ta yi, domin a jikin ɗan tayi abin da ke gina hannu da ƙafa yake kaiwa shara.

Na maimaita wa Baba a gida, a Gazara.

"Wato ɗan tsegumi ne," in ji shi. Da na zo kan kashedin, ya ce ai shi ba ciki gare shi ba.

A garinmu ba a rowar magani. Wanda ya ji daɗin ƙwaya yakan ɓallo wa maƙwabci, kamar goro. Ciwon bayan Baba ya saki har ya koma leƙa gonar rake, labari kuma ya zaga.

Wata Asabar ina madafa da matar ƙanena. Cikinta sabo ne, ni kaɗai ta gaya wa, don ba a kai wa suruki irin wannan zance. Tana tuƙa tuwo ta ce Baba ya gan ta tana dafa ƙugu, ya ba ta ƙwayarsa ɗaya a ƙunshe cikin leda.

"Kin sha?"

"Yaya, kin tsare ni da ido kamar kina karanta sanarwar rasuwa."

"Kin sha, na ce."

"Ni da lafiyata? Maganin Zariya guda? Innarmu na aika wa can Paki, gwiwa ta hana ta sallah a tsaye."

Na tambaya ko ta kwance ledar. Ta ce tsarabar uwa ba a buɗe ta a hanya. Na zauna a kan turmi, na ce ta ci gaba da tuƙi kada ya yi gudaji.

Ƙanena ya kai ni Paki a babur. Muka tarar da tsohuwar tana ɓarar gyaɗa. Bayan an gama gaisuwa, har da ta shanu da ta damina, na tambayi ƙwayar. Ta ce ta haɗiye ta da kunu, ita kaɗai, ba ta ba kowa ba.

"Ki gaya wa Malam na gode," ta ce. "Gwiwar tana nan yadda take. Barci dai na yi har aka fita da shanu ban ji ba."