Safar Laimonis a Hannun Modris

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Laimonis a cikin hunturu ya san yadda hannun gawa yake, ba sai ya je makabarta ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana riƙe da injin yankan itace a dazukan Kurzeme, injin yana karkarwa shi ma yana karkarwa, har jijiyoyin yatsunsa suka gaji suka ajiye aiki. Da sanyi ya taɓa su sai su yi fari fat kamar kyandir, daga nan su koma shuɗi. In jini ya ga dama ya dawo, da zugi yake dawowa, ka ga ƙaton mutum ya cusa hannuwa a hammata yana zagin gwamnatocin da suka shuɗe ɗaya bayan ɗaya. Likita ya riga ya datse masa kan ƙaramin yatsan hagu, ya kuma gaya masa na kusa da shi yana kan layi.

Bai taɓa aure ba. Ya ce sau ɗaya ya nemi wata, ya kama hannunta a bakin coci cikin watan Janairu, ta ƙwalla ihu ta gudu. A garinmu dai ba wanda ya taɓa ganin wannan yarinya.

Abin da ya riƙe masa sauran yatsun tara da rabi, yayarsa ce Zenta, wadda gidanta yake tsallaken hanya. Duk kaka sai ta kira shi, ta ɗora hannunsa a kan tebur, ta auna da zare tana tsaki, sannan ta ɗauko tsinken saƙa. Safar hannu ta kanti mai yatsu biyar, kowane yatsa a ɗakinsa shi kaɗai, Laimonis kurkuku yake ce mata. Tasa jaka ɗaya ce, yatsu huɗu suna jingine da juna suna raba ɗan ɗumin da ya rage, babban yatsa yana nasa lungun. Ninki biyu ce, ta ciki mai laushi, ta waje ulun da ba a wanke maiƙonsa duka ba, har warin tunkiya take yi. Dole ta yi yalwa yadda zai dunƙule hannu a ciki. Wuyanta dogo, ya wuce inda jijiya take bugawa, kuma kada ya matse ko kaɗan, don duk abin da ya matse nan ya tare wa jini hanya. Ado kuwa babu, saboda zaren ado ɗaure saƙa yake yi. Launin toka, mummuna, kamar an yanko kunnen jaki.

Kamar kowace tsohuwa mai mutunci, Zenta ta daɗe tana tara safar jana'izarta a cikin akwatin katako, wadda za a raba wa masu aikin binne ta: huɗu na masu haƙa kabari, shida na masu ɗauka, ɗaya ta mai riƙe gicciye, ɗaya ta direba. Goma sha biyu cif. Bara da kaka ta gama ta Laimonis, sai ta buɗe akwati ta tarar asu ya cinye ɗaya daga ciki. Ba ta iya kwana da akwati mai giɓi ba. Ta ɗauki ta ƙanenta ta cike gurbin, da niyyar ta saƙa wata ta musanya. Kafin sati biyu ɓarin jikinta na dama ya shanye.

"Yaya, ki ba ni abata mana. Dubi wannan, babban yatsana ya leƙo waje yana gaida mutane."

"Abin da ya shiga akwatin nan ba ya fita sai na fita. Ko sauri kake yi in tafi?"

"Ni na ce ki tafi? Ki zauna har shekara ɗari biyu, amma ki ba ni safata."

"Taka ce, ba mai taɓa maka. Wa zai so wannan mummunar aba? Zan gaya wa Velta."

Velta ita ce 'yarta, malamar makaranta a Riga. Zenta ba ta gaya mata ba. Ta rasu ran goma sha tara ga Janairu, a satin da ruwan rijiya ma ya daskare.

Da Velta ta iso, Laimonis ya bari ta gama kuka, ya ba ta shayi, sannan ya kawo maganar a hankali. Ta dube shi kamar ya nemi ta cire wa gawar takalmi.

"Haba Kawu. Goma sha biyu ne, mutum goma sha biyu kuma. In na cire ɗaya, wa zan bari hannu sake a gaban jama'a? A ce Mama ta mutu ba ta shirya ba?"

"To ki sa ni cikin masu haƙa."

"Kai da kuke ciki ɗaya da ita? Ina aka taɓa yin haka? Ɗan'uwa ba ya haƙa, ba ya ɗauka, kai ma ka sani."

Ya sani. Sai ya tafi wajen Modris.

Modris abokin aikinsa ne tun suna samari, tare suka kayar da rabin dajin da ke bayan gari, kuma shi ne babba cikin masu haƙa, don haka shi zai fara zaɓa. Laimonis ya same shi a makabarta yana hura wuta a kan wurin kabarin don ƙasa ta saki.

"Tsoho, alfarma nake nema. In an buɗe akwati, kada ka kalli masu ja da kore. Akwai wata mai launin toka a ƙasa. Ka ɗauka, in an watse ka miƙo min."

"Kai, ɗan banza, ni za ka sa in ɗauki mummuna a gaban mata?"

"Mummuna? Kai me ka sani?"

Nan fa Laimonis ya yi wautar da har yau yake cizon yatsa a kanta, wanda ya rage ɗin. Maimakon ya ce tsohuwar aba ce mai warin tunkiya ya yi shiru, sai ya tsaya yana koyar da darasi. Ya yi bayanin ninki biyu. Ya yi bayanin maiƙon ulu da yadda ruwa ba ya ratsa shi. Ya kama wuyan hannun Modris ya nuna masa daidai inda jini yake wucewa. Ya rantse cewa daga nan har Riga babu irinta, kuma tunda mai yin ta ga ta can a kwance, ba za a ƙara yi ba. Modris yana saurare, yana jujjuya gawayi da ƙafa.

"Shi ke nan, na ji," in ji shi. "Kada ka damu."

Washegari, ranar binnewa, komai ya tafi daidai. Velta ta buɗe akwati, Modris ya wuce masu zanen rana da taurari, ya zura hannu can ƙasa ya zaro mai launin toka. Mata suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Laimonis ya saki ajiyar zuciya. Sai ya ga Modris ya sa ta a hannu. To, ba laifi, ai da ita zai mayar da ƙasa. Amma ya lura mutumin ya tsaya cak da shebur, ya dunƙule hannu a ciki ya buɗe, ya sake dunƙulewa, fuskarsa ta yi wani irin laushi kamar wanda ya shiga ruwan ɗumi.

A wajen cin abinci, bayan an zuba wake da soyayyen kitse an yanka baƙin burodi, Laimonis ya matsa kusa da shi.

"To, mutumina, kawo."

"Me?"

"Kada ka mayar da ni yaro."

"Ka san safar jana'iza ba a kyauta da ita. Ladan haƙa ce. In na bayar, Zenta ba za ta ji daɗi ba a inda take."

"Zenta? Da ka yi shekara arba'in kana ce mata mayya? Jiya ba ka san da wannan doka ba?"

Modris ya ɗora hannuwansa a kan tebur gefen kwano. Yatsu uku na dama fari fat, har gindi, ga su a cikin ɗaki mai murhu.

"Hunturu huɗu ke nan," ya ce a hankali. "Injin da ka riƙe shi na riƙe. Ni ba ni da yaya."

"Da ka faɗa min jiya."

"Da ba ka gaya min wadda zan ɗauka ba."

Laimonis ya miƙe ya fita, ko giyarsa bai ƙarasa ba, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin garin. Washegari Velta ta kawo masa safar kanti baƙa mai sheƙi, yatsu biyar, da roba a wuya. Ya yi godiya, ya sa wa mariƙin butar shayi.

Cikin Fabrairu ya fita ɗebo itace da tsohuwar mai huda, ya daɗe a waje saboda ƙofar rumfa ta daskare. Sati uku bayan haka motar asibiti ta zo, likita ya cika alkawarinsa, ya datse yatsan da ke kan layi. Yanzu daga ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka, Laimonis ba ya wuce bakin ƙofa. Yana zama a taga yana lura da wanda ya wuce da wanda ya zame ya faɗi.

Duk Asabar Modris yana turo baro cike da faskararren itace, ya jera masa a bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya ɗan tsaya. Laimonis yana jira sai ya ji ƙarar baron ta yi nisa, sannan ya buɗe ya kwashe. Yana ƙona itacen, har yana cewa ba a busar da shi da kyau ba. Amma tun ranar jana'izar bai sake kiran sunan mutumin ba. In ya zama dole ya ambace shi, "mai haƙa kabarin nan" yake cewa.