Matar da Ta Faɗi Sunanta a Tsakiyar Kogi

Dada ba ta yi wa mai zaman banza tatsuniya. Kakata ce ta wajen uba, kuma duk ƙauyenmu da ke gefen Katagum babu mai daddawa irin tata, har daga Gamawa ake aikowa a saya. Wanda ya san daddawa ya san tukunyar kalwa ba ta son gaggawa. Tun hantsi ake ɗora ta, a yi la'asar, a yi magariba, a ci tuwo, tana nan kan murhu tana tafasa, ana ƙara ruwa ana iza wuta. Iza wutar nan shi ne aikinmu, mu jikoki. Duk wanda ya kawo rungumar kara ya samu wuri a tabarma. Wanda ya zo hannu rabbana kuwa sai ya tsaya daga nesa ya ji abin da iska ta kai masa.

Gajeriya ce, mai wushirya, bakinta kullum ja da goro. In ranta ya ɓaci da Fulatanci take faɗa, wai don kada mu gane mu yi mata ƙunƙuni. Mun gane sarai, amma muka bar ta a kan haka. Ni ce na fi kowa shan faɗan, don ni ce mai tambaya. Ba ta taɓa kirana Rakiya ba sai in na yi laifi babba, sauran ranaku Uwar Surutu nake.

In ta gyara zama ta miƙe ƙafa, takan ce, "Gatanan, ga ta can. Mai gyangyaɗi ya tashi ya ba mai kunne wuri." Mu ce ta zo mu ji ta. Ta yi mana na Gizo, ta yi mana na kura, duk irin waɗanda ake yi a kowane gida. Amma akwai guda ɗaya da ban taɓa ji a bakin kowa ba sai ita, kuma ba ta yin ta sai damina ta yi nisa, lokacin da muke jin kukan kogi daga tsakar gida.

Wai a wani gari na bakin ruwa akwai Dodo mai cin suna. Duk wanda ya ji sunansa, sai ya kira shi daga ƙarƙashin ruwa, mutum ya ajiye abin da ke hannunsa ya taka da ƙafarsa ya shiga, ba a sake ganinsa. Saboda haka mutanen garin suka daina kiran suna, musamman na mata. Wannan matar wane ce, waccan uwar wane ce, shi ke nan. Wata shekara abinci ya ƙare tun kafin gero ya nuna, maza suka bazu neman abin da za a ci, aka bar mata da tsofaffi da yara. Sai kogi ya cika ya yi wa garin zobe, ruwa na hawa, babu jirgi. Wata mata ta ɗauko goran kamun kifin mijinta, irin ƙaton nan da masunta ke kifa ciki a kai su yi iyo, ta goya jaririyarta, ta fara tsallakar da yara ɗaya bayan ɗaya zuwa tudu. A nan Dada takan rera, mu amsa:

"Ruwa matsa, ruwa ba ni hanya,
Ba naka na ɗauko ba, na mutane na ɗauko."

A tsakiyar kogi Dodo ya taso ya tare ta. Dada takan kumbura kumatu ta yi muryarsa: "Ke matar wa ce? Ke 'yar wa ce?" Sai ta sake murya, ta miƙe wuya, idonta na kan wuta. "In miji kake nema, ya tafi neman hatsi. In uba kake nema, yana kabari. Ni ce a cikin ruwan nan. Sunana Kaltume. Kira ni mu gani."

Dodo ya kira. Ya sake kira. A na uku matar ta ce, "Ina jin ka, hannuna da ɗan mutane." Ta wuce shi, ta dawo, ta sake wuce shi, har yaran suka ƙare. Dodo ya ji kunya ya nutse, bai ƙara tasowa ba.

Daga nan Dada ba ta ƙara komai. Kowace tatsuniya tana da murfinta, kowa ya sani, a ce ƙurunƙus, a ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar da aka yi. Wannan ita kaɗai ce ba ta rufewa. Sai kawai ta miƙe ta buɗe tukunya ta ɗebo kalwa ta murza da yatsa ta ga ko ta yi laushi.

"Dada, ba ki ce ƙurunƙus ba."

"Ba zan ce ba."

"Don me?"

"Uwar Surutu, wutar ta mutu ke kina don me."

Ina 'yar shekara goma sha uku ko sha huɗu na raka ta kogi wanke kalwa. Rana tsaka ce, muna cikin ruwa har gwiwa, tana jujjuya kwando ɓawon na tasowa yana bin ruwa. Ba gatanan ba komai, sai na ji ta fara: shekarar da abinci ya ƙare, maza suka bazu. Gabana ya faɗi. An sha gaya mana wanda ya yi tatsuniya da rana ɓacewa yake yi, kuma ita ce kan gaba wajen gaya mana.

"Dada! Tatsuniya da rana?"

"Wa ya ce miki tatsuniya ce?"

Ta nuna mini wata tsamiya a ƙetare da haɓarta. Can ne tudun. Jaririyar da aka goya ita ce. Cikin yaran da aka tsallakar akwai wani ɗan shekara shida, ɗan wan mahaifinta, wanda daga baya ya aure ta ya zama kakana. Dodo kam babu shi. Wani mutum ne daga garin tudu ya tsaya a gaɓa yana ɗaga murya, yana tambayar matar wa ce wannan, don ya kai wa mai gari labari. Ta ba shi amsa daga cikin ruwa, ta faɗi sunanta. Bai riƙe ba. Abin da ya kai shi ne matar Malam Buba. Da shekaru suka ja, sai matar ta faɗi daga labarin, aka bar Malam Buba shi kaɗai yana tsallakar da yara, alhali a ranar yana can wajen Azare yana neman dawa.

Na ce, "To Dada, ke me ya sa ba ki gaya wa mutane?"

Ta dube ni kamar na zubar mata da kwandon. "Ni in kama sunan wadda ta haife ni, a gaban mutane? Ba ki da hankali. A cikin tatsuniya ba ni ke faɗa ba, ita ke faɗin abinta. Ni dai na ara mata baki."

Na yi dariya a ranar, don na ɗauka wayo ne irin na tsofaffi. Sai da na girma na gane nauyinsa. Mace ta yi shekara da shekaru tana tara yara a bakin murhu, tana ƙirƙiro Dodo, tana ƙirƙiro waƙa, duk don ta samu kafar da za ta furta sunan uwarta ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba. In na tuna wannan har yanzu raina yana ɓaci, ba da ita ba.

Dada ta rasu ina aji na ƙarshe a sakandare. Lokacin ina Azare a hannun Baffa Alhaji, wan mahaifina, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar babana, ya tsaya kai da fata sai da na yi karatu na zama malama. Ba ni da uban da ya wuce shi, kuma ban taɓa yi masa musu ba sai a bara.

A bara ne ya ce zai tara zuri'a washegarin Sallah, a karanta salsalar gida, a raba wa kowa a takarda don 'yan baya. Ya yi wata biyu yana rubutawa da hannunsa, sannan ya aiko a kira ni in buga masa a kwamfuta. Na durƙusa na gaishe shi, ya miƙo mini. Wane ya haifi wane, wane ya haifi wane, shafi huɗu, babu mace ko ɗaya, kamar daga rumbu ake ɗebo mazan gidanmu. A shafi na biyu na ga an rubuta: Malam Buba, wanda ya tsallakar da yaran gari shekarar ambaliya.

"Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, wannan layin ba haka yake ba."

Bai yi mamaki ba, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Shi ma ya iza wutar kalwa a zamaninsa. Ya cire tabarau ya ce, "Na sani, Rakiya. Amma abin da ake faɗa a bakin murhu daban, abin da ake rubutawa daban. Mata ba sa shiga salsala. Aikin da mace ta yi ai na gidan mijinta ne."

"Baffa, da ta tsaya jiran mijin, da ba a haife ka ba, balle ni."

"Kul! Ni kike gaya wa haka?"

Na sunkuyar da kai, amma ban janye ba. Na ce in dai hannuna ne zai buga, yadda aka yi zan buga, in kuwa bai yarda ba ya kai wa wani. Ya juya mini baya, bai karɓi takardun ba. Ina jin ya ɗauka in na je gida zan huce. Har azumi ya ƙare in na je gaisuwa da "lafiya" ɗaya yake sallamata. Na yi kuka a kan haka ba sau ɗaya ba, don na san ina iya rasa shi. Duk da haka na buga. Na sa Kaltume a wurinta da abin da ta yi, na sa 'yarta a ƙarƙashinta, na bi sauran matan da na iya tunawa na jera su kusa da mazansu, na aika masa.

Da safiyar taron ya sa aka kira ni ɗakinsa. Takardar na kan cinyarsa, an riga an kafa rumfa a waje.

"Kin ƙi ji."

"Na ƙi, Baffa."

"To ke za ki karanta abinki. Ba zan sa ɗana ya tsaya gaban dattawa yana kiran sunayen iyayenmu mata ba." Ya ɗora yatsa a kan wani layi ya turo mini. "Amma tunda ke ce sarkin gaskiya, wannan fa? Wannan suna ne?"

Na duba. A ƙarƙashin Kaltume na buga: Dada.

Kunya ta rufe ni. Ba wai ban san sunan ba ne. Jikokinta uku ke ɗauke da shi, muna kiransu Ummi da Mami da Hajiya Ƙarama don kada a kama shi. Na yi wata guda ina hura hanci a kan an danne sunan mace, na karanta takardar nan ya fi sau goma, amma idona bai taɓa tsayawa a wurin ba. Abin da nake yaƙi da shi ashe yana zaune a yatsuna.

Baffa ya zaro biro daga aljihu ya ja layi a kan kalmar. Na zaci zai rubuta. Ya riƙe biron a saman takardar, ya daɗe, sannan ya miƙo mini, muryarsa ta sauya.

"Ni ba zan iya ba. Ni ta haifa. Ke da kika iya rashin kunya, rubuta."

Na rubuta.

Da ina yarinya na ɗauka darasin labarin nan shi ne kada a ji tsoron Dodo. Yanzu na san ba shi ba ne. Mu muna ɓoye sunan mace don girmamawa, kuma da gaske muke, ba munafunci ba ne. Amma muna ta girmama ta, muna ta girmama ta, har a wayi gari babu wanda ya san ko wace ce, aikinta ya koma kan wanda ake iya kiran sunansa. Ina son kunyarmu, da ita aka raine ni. Sai dai ba zan ƙara yarda ta cinye mini kowa ba.

Na fita na tsaya a gaban rumfa. Maza na gaba a kan kujeru, mata na ciki bayan katanga. Da na karanta layin Kaltume wani dattijo ya yi gyaran murya mai ƙarfi, wani ya ce, "A'a, wannan kuma daga ina?" Ban ɗaga kai ba. Da na zo layi na gaba sai na ji kamar wadda za ta fita kasuwa babu mayafi. Na ɗaga murya yadda na bayan katanga za su ji.

Daga ciki wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Baffa ya ja hannun babbar riga ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa na motsi. Dattijon nan ya tashi ya kakkaɓe riga ya fita, kuma har yau ba ya amsa gaisuwata.

Sunan kakata Hajara. Na faɗa a gaban kowa, na maimaita, kuma ban ba kowa haƙuri ba.