Ranar da Ruwan Roba Ya Kusa Raba Ni da Idanuna

Edita, ina yi maka sallama. A ƙarshen shekarun saba'in ni matashi ne mai kula da ɗakin gwaje-gwaje a wata sakandare kusa da Malumfashi, kaina cike da dabaru. Mahaifina manomi ne a Ƙarfi, kuma duk damina sai ruwa ya zaizaye gindin rumbunansa, mu koma sabon yaɓe. Na san cewa ruwan roba, wato farin ruwan da ake tatsa daga itacen roba a kudu, in ya bushe ruwa ba ya ratsa shi. Sai na raya a raina cewa da kowace ƙwayar farar ƙasa za ta samu rigar roba, da an samu yaɓe mai ƙarfin ƙasa wanda ruwa ba ya ci.

Farar ƙasa ba ta yi wuya ba, daga Ƙanƙara ake kawo ta. Ruwan robar kuwa wata mai shagon fenti a Funtua ce ta samo mini, Kirista 'yar tsohuwar jihar Bendel ta kudu da kowa ke kira Mama, Hausa a bakinta sai ka ce a Bakori aka yanke mata cibiya. Jarka ta farko ta ƙare a banza, don da na zuba ƙasar sai robar ta dunƙule kamar cuku. Mama ta yi dariya, ta ce ɗana kada ka karaya, za ta sa 'yan'uwanta su aiko da wata.

Ta biyun ta sha rana a saman babbar mota. Ana zuba wa ruwan roba wani sinadari mai yaji don kada ya daskare a hanya, zafi kuma ya sa jarkar ta kumbura. A ƙofar shagon na sunkuya na murɗe murfin, sai abin ya feso mini a fuska. Wallahi na ɗauka garwashi aka watsa mini. Ina ihu, mutane suka taru, wannan ya ce a sa manja, wancan ya ce tozali. Mama ta daka musu tsawa, ta danƙi wuyana ta kai ni bakin duron ruwa, tana buɗe idanuna da yatsu tana kwarara ruwa, ina fizgewa tana cewa in zage ta in na ga dama amma ba za ta sake ni ba. Da ruwan ya ƙare ta rufe shago, ta yi shatar mota zuwa asibitin ido a Kaduna. Likita ya ce ba don wankin nan ba, da sai dai sanda.

Na daɗe da bandeji a fuska ina jiran hukuncin Allah. Mahaifina ya zo, na zaci faɗa zai yi, sai ya riƙe hannuna ya ce ai don rumbunsa na shiga wannan hali, in na warke in ƙarasa aikina. Idon dama ya dawo sarai, na hagu har yau dishi-dishi yake gani. Daga baya na gano cewa sai an jiƙa ƙasar, an tace ta da ƙyalle, an sa ruwan sabulu, sannan a riƙa tsiyaya ta cikin robar a hankali. Yaɓen ya kama, ya kuma jure damina da yawa.

Mama ta koma garinsu ta rasu, ban iya saka mata ba. Ta koya mini cewa ɗan'uwa shi ne wanda ya tsaya a kanka ranar da ba ka iya ganin fuskarsa. Matasa masu son gwaji, kada ku fasa, amma ku sa tabarau, ku kauda fuska daga duk abin da ya sha rana a rufe. In sinadari ya shiga idon wani, ruwa kawai, mai yawa, sannan asibiti. Da idon da aka cece mini nake rubuta muku wannan, alhamdulillahi.