Masar da Na Kai wa Baƙin Kurket

Dagenham, kafin gari ya waye

Ranar da za mu je kallon kurket, tun da duhu na sauko kicin ɗin 'yata Hadiza na ɗora tanda. Asubar London a lokacin zafi ba ta jiran kowa, don haka ina sallame salla na hau suya. Ƙullin tun jiya ya kwana ya tashi. Tandar kuwa tawa ce, daga Zariya na zo da ita naɗe cikin zani, duk da dariyar da aka yi mini a gida wai zan kai ƙarfe Ingila.

Bari in gaya muku abin da ya kai tsohuwa irina filin wasa. Wata biyu ina gidan Hadiza a Dagenham, amma ni da jikata Nabila ba mu taɓa yin hirar kirki ba. Shekarunta goma sha huɗu, a nan aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma ba ta mayarwa sai da Turanci, ni kuma Turancina bai wuce na cinikin atamfa ba. Uwarta ta ce tun zuwan da suka yi gida tana ƙarama, 'yan uwanta suka yi wa Hausarta dariya, ta rufe baki. In na ce "ƙawata, kin tashi lafiya?" sai ta yi murmushi ta ce "Fine, Granny." Wannan Granny ɗin yana sukata. Saura 'yan kwanaki in koma, kuma ina tsoron in tafi ban san jikata ba, ita ma ba ta san ni ba.

Abin da yarinyar nan take so a duniya shi ne kurket, wasan nan na ƙwallo da katako. Tana bugawa a ƙungiyar unguwarsu. Da ta ji 'yan matan Indiya sun zo zagayen wasanni da na Ingila, kuma ɗaya a London za a yi, sai ta hana uwarta sakat har aka sayi tikiti uku. Ni da na ji an ce 'ya'yan mutane sun taso tun daga wata ƙasa, garinsu da nisa, iyayensu ba sa kusa, ban yi shawara da kowa ba. Baƙo ya sauka a gari, ai abinci ake kai masa. Na cika kula da masa, na haɗa da dambun kaza, yaji da sukari, da zobo a gorar roba.

Ina rufe kula Hadiza ta sauko da kayan aiki. Nas ce.

"Mama, ki yi haƙuri, an yi cancel ɗin off ɗina. Sun kira ni aiki yanzu. Ku je ku biyu."

"Wa zai yi mana tafinta?"

"Ai tana ji, Mama. Kai, wannan abincin duk naku ne?"

Kafin in ba ta amsa ta fice da gudu don kar bas ta wuce ta.

Cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa

Da hantsi muka fita. Nabila ta saɓa jakarta, ta sa rigar Ingila a kan doguwar riga, ni kuma ina jan kula. Jirgin da muka hau a Dagenham a sarari yake tafiya, muka wuce Barking ina kallon bayan gidajen mutane da shanyarsu. A West Ham muka sauya wani, shi ne ya nutse da mu cikin ƙasa. Matakalar nan mai tafiya da kanta har yau ba mu shirya da ita ba. Nabila ta karɓi kular da hannu ɗaya, ta riƙe ni da ɗayan.

A cikin jirgi na gaya mata wa na yi wa masar. Na ce ta baƙi ce, 'yan wasan Indiya. Yarinya ta zaro ido. "Granny, no!" Ta yi ta zuba Turanci da sauri, ni dai na tsinci "please" sau da yawa. Na ce ai ban ji ba, ta faɗa da Hausa. Ta ja hularta ta rufe fuska. Haka muka zauna har St John's Wood, kula a tsakaninmu.

Ƙofar fili

Daga tasha ba nisa, ayarin mutane kawai muka bi, yawancinsu da shuɗayen riguna da tutocin Indiya. A ƙofa ana duba jaka. Mai dubawar ya ɗaga murfin kula, ƙamshi ya buge shi, sai ya ɗago ya kalle ni.

"Hajiya, masa ne wannan?"

Ashe ɗan zangon Kumasi ne. Muka gaisa kamar mun shekara da sanin juna. Na ce ya nuna mini inda baƙi suka sauka in miƙa musu. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ga da gaske nake.

"Mama, ka yi haƙuri. 'Yan wasa ba ya cin abincin waje, nasu aunawa ake yi. Ko ni ba na iya zuwa wurinsu. Amma ka shiga da shi, nan kowa yana zuwa da abincinsa."

Raina bai yi daɗi ba. Na ba shi guda uku a takarda, na ja kulata. Nabila tana gefe kamar ta nutse don kunya.

Cikin fili

Ciyawar wurin nan, in kun gan ta, sai ku ce da reza aka aske ta. Wasan kuwa ga abin da na gani. An kafa sanduna uku nan, uku can. Wata ta sheƙo da gudu ta wurga ƙwallo, wata ta tare da katako mai faɗi kamar muciyar gidan biki, sai su biyu su yi ta kai da kawowa a guje. Wani lokaci a yi ihu, alƙali ya ɗaga yatsa ɗaya, mai bugu ta kama hanya ta fita ba musu. Abin da ya burge ni, in baƙuwa ta yi bugu mai kyau har mutanen gari tafa mata suke yi. Na ce to, ashe suna da sauran tarbiyya.

Nabila ta manta da ni. Tana tsalle, tana cizon yatsa, tana kwaikwayon jifa da hannunta. Ban taɓa ganin fuskarta a sake haka ba. Sau biyu ta juyo za ta yi mini bayani, sai ta tuna sai da Hausa, ta mayar da ido kan fili. Ni kuwa ina kallonta ita, ba wasan ba.

Ruwa

Bayan azahar hadari ya haɗo, ruwa ya sauko. Nan take 'yan wasa suka watse, ma'aikata suka jawo tamfol da gudu suka rufe tsakiyar fili, kamar mata sun ga ruwa zai daki shanya. Wai ba a kurket cikin ruwa. Muka kwashi kaya muka fake a ƙarƙashin rumfa, cikin cunkoson masu shuɗayen riguna. Aka yi ta jira. Layin masu sayen shayi ya yi tsawo, kuɗinsa kuma ba na faɗa ba ne. Yara suka fara ƙorafin yunwa.

Na dubi mutanen nan, na dubi kulata. Na ce a raina, in ban samu 'yan wasa ba, ai ga danginsu. Na buɗe murfi, na miƙa wa wata tsohuwa da ke kusa da ni, mai sanye da sari, zanen matan Indiya, da rigar sanyi a kai. Ta karɓa, ta juya ta, ta gutsura. Sai ta dafe ƙirji ta fara magana da yarensu da sauri, tana nuna masar, tana zana ramukan tanda a tafin hannunta. Wata yarinya sa'ar Nabila, jikar tsohuwar, ta juya maganar zuwa Turanci da ƙyar, tana jin kunya. Duk suka zuba wa Nabila ido. Ni ma na zuba mata.

A hankali, kamar mai taka ƙwai, ta ce, "Ta ce... a garinsu ma suna yi. Da shinkafa. Tana tambaya, me kika sa ya tashi?"

Jama'a, na ji maganar nan har cikin ƙashina. Amma na san in na yi guɗa na ɓata komai. Na daure fuska kamar kullum muke haka, na ce, "Gaya mata yis ne, da ɗan dafaffiyar shinkafa, a bar shi ya kwana."

Daga nan hira ta ɓarke. Ni in faɗa wa Nabila, Nabila ta faɗa wa yarinyar, yarinyar ta faɗa wa kakarta, amsa ta biyo hanya ta dawo. Ashe ita ma tsohuwar ziyara ta zo daga kudancin Indiya, ita ma jikarta da Turanci take amsa mata. Muka kalli juna muka yi dariya, wannan bai buƙaci tafinta ba. Sauran baƙin nawa kuwa, da aka bincika, rabinsu a Ilford suke zaune, maƙwabtan Dagenham. Duk da haka sun ci. Na tura wa tsohuwar dambu ta ja baya, Nabila ta riƙe hannuna.

"Kaka, ba ta cin nama. Ki ba ta sukari."

Kaka. Na juya na yi kamar yaji ne ya shiga mini ido.

Da ruwa ya ɗauke aka koma wasa, kula ta zama fayau. Nabila ta matso jikina tana yi mini bayani, Hausa rabi, hannu rabi. Ta ce ita mai jifa ce, kuma ƙwallonta juyawa take yi in ta taɓa ƙasa. Inda kalma ta ɓace mata sai ta cusa Turanci ta wuce, ban gyara mata ko ɗaya ba. Kada ku tambaye ni wa ya ci wasan. Na tafa wa kowa.

Komawa Dagenham

A jirgin komawa ta yi barci a kafaɗata tun kafin West Ham, sai da na tashe ta muka sauya. Mun tarar da Hadiza ta dawo, ta miƙe ƙafa a kujera. Ta tambayi 'yarta da Turanci yadda aka yi. Nabila ta ce, "Kaka ta ciyar da Indiya duka." Hadiza ta saki baki tana kallonmu, na yi mata ido kar ta ce komai.

Zariya

Ranar tafiyata ban sa tanda a akwati ba, na bar wa ƙawata. Jirgi ya sauke ni Abuja da safe, mota ta kawo ni gida kafin la'asar, na tarar da kowa lafiya. Ina cikin gaisawa da 'yan sannu da zuwa wayata ta yi ƙara, saƙon murya ne daga London. Na sa a kunne.

"Kaka, kin isa lafiya? Na yi masa. Ta ƙone, duka. Ki kira ni."

Na bar baƙi a tsakar gida na shiga ɗaki na kira ta.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Hadiza da mijinta da suka riƙe ni, da ɗan Kumasi mai tsaron ƙofa, da tsohuwar da ko sunanta ban tambaya ba. 'Yan matan Indiya kuma, har yau ina jin nauyinsu, sun zo gari sun tafi ba su ci masata ba. Allah ya kai kowa gidansa lafiya.